Nunzia, Mai Zama a Kan Hannayenta

Tun ranar da aka mai da ɗana Saverio kicin na san akwai matsala a tafe. Shekara shida yana kai wa baƙi abinci a wani gidan cin kifi a bakin tekun garinmu Molfetta, ba a taɓa kuka da shi ba. Sati biyu da komawarsa kicin, maigidansa ya ce ko ya buɗe kunne ko ya nemi wani aikin, ga matar Saverio da ciki wata bakwai. Likitoci biyu muka gani. Aka zaunar da shi a ɗaki tsit, in ya ji ƙara ya danna maɓalli, aka ce kunnensa garau. Na kasa zaune na kasa tsaye, har wani maƙwabci ya tura mu wurin Nunzia Altomare.

Ita ba likita ba ce. Ma'aikaciyar gwajin ji ce, shekara talatin da ɗaya a wani ɗan ɗaki can ƙarshen barandar asibiti. Kullum bakwai da rabi ta shanye gahawarta a tsaye, ta zo ta auna lasifikokinta ɗaya bayan ɗaya kafin kowa ya iso.

Gwajinta daga wata ƙasa ya zo: mutum ya saurari magana cikin hayaniya, ya maimaita. Da aka tashi mai da shi harshenmu, ta ce fassara kaɗai ba za ta yi ba. Ta tsinto kalmomin da masunci da malamin jami'a duk suka sani, ta yi ta gwada su a kan masu lafiyayyen kunne. Hayaniyar kuwa, mutanen unguwarta shaida ne, gida-gida ta bi da rakoda ranar Lahadi, tana ɗaukar surutun cin abincin rana, inda mutum tara ke magana lokaci guda babu mai sauraron wani.

Ranar da muka je, ta kunna surutun nan tana hira da Saverio, yana amsawa tiryan-tiryan. Sai ta rufe baki da takunkumi, ta zauna a kan hannayenta, ta ci gaba da magana. Nan take ya daina gane abin da take faɗa. Ya juyo yana kallona.

"Baba, kai ma zauna a kan naka ko ka fita," in ji ta. "Tun ɗazu kake ba shi satar amsa."

Ashe hannuna na ta yawo ban sani ba.

Bayan an gama gwajin lasifika ta ce masa, "Ɗan nan, kai da ido kake ji. Cikin baƙi kowa hannunsa na faɗa maka abin da yake so. A kicin kuwa kuku ya ba ka baya, hannunsa na cikin tukunya."

Nunzia, ke ce kika gane cewa mu nan rabin maganarmu a hannu take, har mai raunin ji ya shekara goma bai san yana da shi ba. Ke ce kika ɗauki jakarki da rana tsaka kika shiga kicin ɗin, kika roƙi kuku ya riƙa juyowa in zai yi magana. Ya ce to wa zai duba masa kifin, kika ce kifi ba ya da mata mai ciki. Mai haƙurin sauraro, mun gode. Masu tasowa a wannan aiki, in mutum ya ce ba ya ji, kada takardar gwaji ta sa ku ƙaryata shi.

Ranar Juma'a za ta yi ritaya. Ta sa wa Saverio na'urar ji ta gwaji, ta ce wasu tana taimaka musu cikin hayaniya, wasu ba sosai ba. Maigidansa ya ba shi zuwa ƙarshen wata. Ko zai riƙe aikin, har yanzu ba mu sani ba.