Ranar da Aka Tambayi Jima Halin Mushe Alƙasim

"An ce Annasaran Yamai na tahe, wanga da ke duba masu koyarwa."

"Duba su kamar yaya? Baki zai buɗa musu shi ga haƙora?"

"Takarda yaka rubutawa. Wanda ya yaba shi zauna, wanda bai yaba ba shi koma gona."

"To, Mushe Alƙasim shi hwara gyaran hauya."

"Haba, shekara goma sha uku hwa yana ajin nan."

"Jakina ya hi haka yana zuwa kasuwar ga, har yau ba a ba shi rumhwa ba."

Mushe Alƙasim, don mushe ake ce wa malamin boko a nan, yana tsugune bayan zana, a kasuwar Madawa, yana zaɓen albasa. Duk ya ji. Ya jira har masu maganar suka wuce, sannan ya tashi ya bar albasar a wurin.

Mutumin Tama ne, can ƙasar Buza. Shekarar da aka ce kowane gari ya ba da yara a kai lakkol, makarantar Nasara, masu baki a gari suka zuba nasu cikin rumbu suka rufe. Aka waiga, sai ga Alƙasim, wanda ubansa ya rasu, tsaye yana kallon dokin gardi, dogarin Nasara, da baki buɗe. Shi aka ɗora. Uwarsa ta yi kuka kamar kushewa za a kai shi. Ya yi shekarun da ya yi a Tawa, ya dawo da Faransanci cike da baki amma babu babbar takarda, aka ɗauke shi a lakkol ɗin Madawa muniter, wato mataimakin malami, irin wanda in an gaji da shi da baki kawai ake sallamarsa.

Ajin ƙanana aka ba shi, ajin da kowa ke gudu. Yara ne daga Keita, Tamaske, Tabotaki, sun zo da majina da kukan uwa, ba wanda ya san abin da ya kawo shi. Alƙasim ya lura bulala ba ta sa harafi ya zauna. Sai ya kife ƙwarya bisa tebur, ya riƙa bugawa da amon da ake yi wa manoma ranar gayya, yana jan baƙaƙen Nasara da waƙa, yara na amsawa. In ka bi ta bayan lakkol da hantsi sai ka rantse noma ake a ciki. Daraktoci biyar, shugabannin lakkol ɗin, suka zo suka tafi, kowanne ya ce zai hana ƙwaryar, kowanne ya bar ta, don yaran da suka fito hannunsa suna karatu.

Kowace shekara, bayan an ɗebe amfanin gona, takarda kan zo daga Yamai. Sai darakta ya tara ma'aikata gindin gawo ya karanta: wane an ɗauke shi zuwa Dosso, wane an ƙara masa girma, wane an yaba da aikinsa. Alƙasim kan sa farar rigarsa ya tsaya a gaba. Sau ɗaya tak aka ce "Alƙasim", ya gyara tsayuwa, ashe wani ne can Gure, kuma rasuwarsa ake sanarwa.

A 1944 darakta na shida, mutumin Dahome, mai tabarau da gaskiya fiye da kima, ya kira shi ofis ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye. Samari masu babbar takarda sun fara fitowa, ana neman musu aji. In mai duba makarantu ya rubuta alheri a kansa, za a tabbatar masa da ajinsa. In bai rubuta ba, ajin ya zama na wani.

To, a lakkol ɗin akwai Jima. Ita ke tuƙa tuwon yaran da ke kwana a nan. Ɗiyar kawun Alƙasim ce, ita ɗiyar namiji, shi ɗan mace, wato taubasai. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ke tsakanin taubasai. Ba a yabo, ba a gaisuwar kirki, ɗan mace kuwa bawa ake ce masa ko da rawani ya naɗa. Shekara arba'in Jima ba ta taɓa faɗin kalma ɗaya mai daɗi a kansa ba, shi ma bai taɓa cin tuwonta bai ce Allah ya kiyaye ba. Da ya kwanta da ciwon hanta wata biyu, ita ta yi jinyarsa, tana ba shi kunu tana cewa ya yi sauri ya mutu ta gaji.

Ranar Talata Annasaran ya iso. Dogo ne, ja kamar an gasa shi, yana share wuya da hankici. Ya zauna bayan aji, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓa bisa bencin yara. Alƙasim ya yi niyyar ɓoye ƙwaryar, amma yaran suka ƙi buɗe baki sai da ya ɗauko ta. Aka yi karatu, aka yi ƙidaya, har Alƙasim ya hangi ƙafar Annasaran tana taka kiɗa a ɓoye. Ransa ya yi sanyi.

Sai dai mutumin yana da wata ɗabi'a. Ya ce shi bai yarda da darasin da aka shirya don baƙo ba, ƙananan ma'aikata yake tambaya, su ne ba su iya ƙarya ba. Ya nufi madafa, darakta na biye don ya yi masa tafinta, Alƙasim na biye da su. Hausar darakta mai kyau ce, sai dai duk abin da aka faɗa haka yake juya shi, bai rage ba bai ƙara ba. Wasan taubasai kuwa ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa.

Jima na tuƙi, Hamsatu mai taya ta aiki na daka. Annasaran ya karɓi ludayi ya ɗanɗana miya, ya kaɗa kai, sannan ya nuna Alƙasim. Darakta ya ce, "Yana tambaya, kin san mutumin nan?"

Jima ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Wanga? Bawana ne."

Darakta ya juya maganar. Alƙalamin Annasaran ya tsaya.

"Ya ce tun yaushe?"

"Tun yana ciki. Gadonshi ni yi, shi da ɗiyanshi duka."

"Yaya halinsa?"

"Ɓarawo. Ko jiya sai da ya sace mini ƙanzo. Karatun ma ban yarda ya iya ba, waƙa yaka yi musu suna amshi."

"Yana dukan yara?"

"Ina ya ga ƙarhi?"

Hamsatu ta jingina da taɓarya tana dariya. A nan ya kamata Alƙasim ya yi shiru, ko ya yi bayani da Faransancin da ya sha wuya a kansa. Amma bakin da ya saba shekara arba'in bai jira shawararsa ba. Sai kawai ya ji kansa yana cewa, "Kar a saurari mayyar ga. Miyarta ta kashe mutum uku a Tama."

Darakta ya juya wannan ma. Annasaran ya dubi ludayin da ke hannunsa, ya ajiye shi a hankali.

A ofis aka sha fama. Alƙasim ya yi bayani, ya sake, ya rantse. Annasaran ya ce duk wanda aka kama cewa yake wasa ne. Ya karanto abin da ya rubuta: malami da ake kira bawa a cikin makarantar gwamnati, da zargin sata, da zargin kisa. A ƙarshe ya ce gobe da safe zai wuce Ƙonni. In wasa ne, matar ta zo ta faɗi alheri a kan mutumin da bakinta, ko kalma ɗaya. In ba ta faɗa ba, abin da ke takarda ya zauna.

Da la'asar Alƙasim ya sami Jima tana wanke tukunya.

"Jima, kin kashe ni."

"Da na huta."

"Ba wasa ni kai ba. Ajin za su amshe."

Ta dube shi. Ta ga fuskar ba ta wasa ba ce, ta ajiye soson.

"To mi ka ka so in ce?"

"Ki ce Alƙasim mutumin kirki ne. Shi ke nan."

"Gaban mutane?"

"Gaban Annasara."

"Hamsatu na ji?"

"Ki gwada dai. Ce Alƙasim."

"Alƙasim."

"Mutumin."

"Mutumin."

"Kirki."

Ta buɗe baki, ta rufe. Ta kurɓi ruwa ta sake gwadawa. "Mutumin… Tama ne."

"Jima."

"To ƙarya ni yi? Ka ga, in na yabe ka gaban jama'a, mi za a ce? A ce mun ɓata. A ce zumunta ta mutu, yanzu gaisuwar baƙi mu kai. Kawunka na kushewa shi ji ɗiyarshi na ce maka mutumin kirki?"

Gaskiya ta faɗa. Shi kansa da ta faɗi kalmar, da ya ji kamar ta rufe masa ƙofa. Ya ce, "Gobe kawai. Jibi ki rama."

Da safe direba na hura gawayin kamyo, don a shekarun yaƙin da gawayi motar ke tafiya. Annasaran ya tsaya da littafinsa. Labari ya riga ya zaga, mata sun jeru bayan zana, malamai sun fito bakin aji kamar iska suke sha. Jima ta zo ta sha sabon zane. Ta yi gyaran murya.

"Alƙasim mutum ne…"

Ta waiga ta gan shi cikin farar riga, ya haɗa hannuwa, yana kallonta kamar ragon da ya ga wuƙa. Wata ta yi tari bayan zana. Jima ta juya wajen darakta.

"Hwaɗa mishi wawa ne."

Darakta ya gyara tabarau, ya juya maganar.

"Wawa, ƙwarai. Shekara goma sha uku, wa ya taɓa ganin rigarshi ta uku? Yaro ya gudu Tamaske, gardi ya ce bari shi bi shi da bulala, sakaran ga ya ce a'a, ya taka da ƙahwa kwana uku ya ɗauko shi a wuya. Ya dawo ƙahwahu duk sun tsage, ni ka dahwa mishi ruwa. Ƙanzon da yaka sace mini, kun ga ya yi ƙiba? Aljihu yaka sa shi, shi kai ma masu kukan uwa. Gonar ubanshi na can Tama ta zama daji. Ɗiyan wasu da ya koya ma sun zama masu rubutu gidan kumandan, shi yana nan yana bugun ƙwarya. Ku kore shi, kun taimake ni. Dama ina bukatar mai ɗauko mini itace."

Darakta na biye da ita jimla bayan jimla, har da itacen. Annasaran ya ɗago kai daga littafinsa. Sannan ya yi tambaya.

"Ya ce, tunda bawanki ne kuma ba shi da amfani, za ki bar wa wani shi?"

"A'a."

"Ya ce don mi?"

Jima ta gyara ɗaurin zane. "Ban ce yana da amhwani ba. Na dai ce a'a."

Annasaran ya yi rubutu kaɗan, ya rufe littafi, ya hau kamyo. Motar ta yi tari sau uku ta tafi.

Wata huɗu Alƙasim na koyarwa bai san ko ajin nasa ba ne. Ƙwaryar ma ta rage amo. Jima kuwa ta tara masa igiyar ɗaure itace, kullum sai ta nuna masa.

Da takardar Yamai ta zo, aka taru gindin gawo. Wannan karon bai sa farar riga ba, ya tsaya can baya. Darakta ya karanta waɗanda aka ɗauke, ya karanta waɗanda suka rasu, ya juya shafi. Muniter Alƙasim na Madawa, an yaba da aikinsa, an tabbatar masa da ajinsa. Sai da aka tura shi gaba. Darakta ya miƙa masa wata takarda dabam mai hatimi, malamai suka ba shi hannu. Bai gama duba sunansa a jiki ba sai ya ji an zare ta daga hannunsa.

Jima ta naɗe ta, ta soke a zane. Ta ce abin da bawa ya samo na mai shi ne, ta koma ga tukunyarta. Ba wanda ya hana ta, har darakta, wanda zuwa lokacin ya fara gane ƙasar.

Ta sa aka ɗinka wa takardar gidan fata, ta ajiye ta ƙasan adudunta. Duk baƙuwar da ta zo daga Tama sai ta fiddo ta nuna mata, ta ce ki ga yadda Nasara ba su san mutane ba. Alƙasim ya ci gaba da ajinsa, furfura ta cika masa kai, takardar ba ta taɓa kwana ɗakinsa ba.

A 1948 aka kawo sabon darakta, saurayi. Ya ga tsoho na bugun ƙwarya cikin aji, ya ce a nuna masa abin da ya ba shi izinin tsayawa nan. Alƙasim ya ce yanzun nan. Ya nufi madafa, ya tuɓe takalma bakin ƙofa, ya tsuguna. Jima na tankaɗe, ta yi kamar ba ta gan shi ba.

"Uwargijiyata," ya ce, "ara mini takardarki in nuna ma yaron can. Kahin la'asar ina maido miki."