Takardar da Na Goge wa Suna

Shekara tara na yi ina aikin magatakarda a wata makarantar kuɗi da ke bayan Ƙofar Wambai a Bauchi. Ni ke karɓar takardu, ni ke buga wasiƙu, ni ke riƙe da makullin kabad ɗin fayil. Mai makarantar wata Hajiya ce, tsohuwar shugabar makarantar gwamnati, mace mai son a yi komai bisa ƙa'ida.

Duk lokacin da za mu ɗauki malamai, wayar Hajiya ba ta hutawa. Wannan ya ce ɗan ƙaninsa ne, wancan ya ce 'yar maƙwabcinsa ce. Da abin ya ishe ta, sai ta kira ni ofishinta ta ce, "Malam, daga yau duk takardar neman aiki da ta shigo, ka yi kwafinta, ka goge suna da lambar waya da adireshi, ka sa mata lamba. Kwamiti su karanta aiki, ba sunan uba ba."

Na ji daɗin tsarin. Na sayi baƙin alƙalami mai kauri, na riƙa bi layi-layi ina shafewa. Har alfahari nake yi da shi a majalisa, ina cewa a makarantarmu ba a san Musulmi ko Kirista ba sai ranar ganawa.

A wannan shekarar muna neman malamin Hausa. Cikin takardun da suka shigo akwai wadda na sa wa lamba goma sha bakwai. Ban taɓa karanta takardar neman aiki mai kyaunta ba. Mai ita ta rubuta cewa iyayenta mutanen kudu ne, mahaifinta yana da shagon kayan lantarki a Wunti, a nan aka haife ta, kuma Hausa ta karanta a kwalejin ilimi saboda son harshen. Ta ce yanzu tana koyarwa a wata makaranta a Inkil. Sannan ta yi bayanin shekara biyu da babu komai a tarihin aikinta. Ta ce ɗanta na fari ya rasu yana da wata uku, bayan haka ta yi fama da ciwon damuwa har aka kwantar da ita a sashen masu taɓin hankali, ta warke, ta koma aji. Ta ce ta faɗa ne don ba ta son fara aiki da ɓoye-ɓoye.

Ba ta samu aikin ba. Kwamiti ya ɗauki wani mai digiri, ita kuwa takardar kwaleji gare ta. Na mayar da takardun kabad, na rufe.

Bayan wata huɗu ko biyar, ƙungiyar unguwarmu ta shirya bita ga waɗanda suka gama karatu suna neman aiki. Aka ce ni da nake ganin takardu kullum in zo in nuna musu yadda ake rubutawa. Na buɗe kabad na zaɓi guda uku: biyu marasa kyau, ɗaya mai kyau. Mai kyaun ita ce goma sha bakwai. Ban nemi izinin Hajiya ba, balle na mai takardar. A tunanina, tunda babu suna, takardar ba ta kowa ba ce. Na yi kwafi talatin.

Ranar Asabar da hantsi aka yi bitar, a wani aji na makarantar firamare. Na raba takardun, na tsaya gaban allo ina yabon ta. Na ce su dubi yadda wannan baiwar Allah ta bayyana giɓin da ke cikin tarihinta ba tare da ƙarya ba. Ina cikin magana sai wata matar aure da ke zaune a layi na biyu ta ɗago kai ta ce, "Malam, ai wannan malamar 'ya'yan yayata ce. 'Yar mai shagon lantarkin nan na Wunti. Ashe asibitin mahaukata ta kwanta? Mu an ce mana garinsu ta tafi."

Aka fara ƙus-ƙus a ajin. Na ce ba lallai ita ba ce, mutane da yawa suna kama da juna. Amma ni kaina na san mata nawa ne 'yan kudu a Bauchi da suka karanta Hausa, suke koyar da ita a Inkil, kuma mahaifinsu yake sayar da kayan lantarki a Wunti. Na yi sauri na wuce zuwa takarda ta gaba. Abin da ya kamata in yi shi ne in karɓe kwafin nan take. Kunya ta hana ni, don karɓewa tamkar amsa cewa matar ta faɗi gaskiya ne. Aka tashi, kowa ya naɗe tasa ya tafi da ita.

Sati uku ban ji komai ba, har na fara cewa abin ya wuce. Sai wata Talata bayan an tashi yara, wata mata ta yi sallama a ƙofar ofishina. Doguwa ce, sanye da atamfa da ɗankwali, Hausarta ta fi tawa tsabta. Ta ajiye takarda a kan teburina. Kwafina ne, da baƙaƙen layukan da na ja da hannuna.

Ta ce, "Malam, kai ne mai karɓar takardu a nan?"

Na ce ni ne.

"Wata uwa ce ta kai wa shugaban makarantarmu wannan. Ta ce ba za ta bar 'ya'yanta a hannun mai taɓin hankali ba. Wasu iyayen suka bi bayanta. Shugaban ya ce shi bai ma san ina neman aiki a wani wuri ba. Jiya ya ce in huta a gida."

Na ce, "Malama, wallahi na goge sunanki. Don yabo na nuna ta, ba don tozarci ba."

Ta dube ni, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ka goge sunana, ka bar ubana, ka bar shagonsa, ka bar ɗana, ka bar ciwona. To me ka goge? Surukata ma ba ta san inda na kwanta ba sai makon jiya. Makarantarku na rubuta wa, Malam, ba unguwarku ba."

Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar mini takardar.

Na je na faɗa wa Hajiya komai. Ba ta yi mini faɗa mai yawa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta kira wani lauya da 'ya'yansa ke karatu a wurinmu. Ya karanta kwafin, ya ce akwai dokar kare bayanan mutane, kuma a fahimtarsa ba suna kaɗai take karewa ba. Muddin abin da ya rage a takarda zai sa a gane mutum, to bayanansa ne har yanzu, ko an shafe sunan sau goma. Ya ce maganar lafiya kuwa ta fi komai nauyi, kuma abin da aka karɓa don ɗaukar aiki ba a juya shi zuwa wani amfani sai da yardar mai shi. Ya ce idan matar ta kai ƙara, makarantar ce za ta amsa.

Ba ta kai ƙara ba. Hajiya ta aika mata cewa akwai gurbi a ƙananan azuzuwa idan tana so. Ta mayar da godiya, ta ce ba za ta iya zama a wurin da kowa ya karanta sirrinta ba.

Na ɗauki kwanaki kafin in iya zuwa Inkil. Wata Lahadi da la'asar na hau keke napep, na yi tambaya har aka nuna mini gidansu, can gefen gonaki. Mijinta ne ya fito, ya ba ni kujera a tsakar gida, ya kawo ruwa. Da ta fito na ba ta haƙuri, wannan karon ban kawo uzuri ko ɗaya ba. Ta saurare ni har na gama. Ta ce ta ji, kuma Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sai ta ce abu ɗaya take so: in karɓo sauran kwafin.

Na samo jerin waɗanda suka halarci bitar daga sakataren ƙungiya, na bi su gida-gida. Wasu suka ba ni, wasu suka ce sun yar, wata ta ce ta ƙulle ƙosai a ciki. Wani kuma ya ce ya ɗauki hoton takardar a waya ya tura wa abokansa, don ta yi kyau. Na tara goma sha tara, na kai mata a cikin ambulan. Ta ƙirga a gabana, ta ce, "Saura fa?" Na ce abin da na iya samu ke nan.

Kafin ƙarshen shekarar mijinta ya nemi canjin wurin aiki, suka bar Bauchi. Na ji an ce ta daina koyarwa, ban tabbatar ba, kuma ban ga ina da hurumin tambaya ba. Na ƙara shekara biyu a makarantar sannan na ajiye aikin. Hajiya ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, sai dai tun daga lokacin makullin kabad ya koma jakarta.