Taɓarya a But ɗin Mota

Ranar da za mu kai gaisuwar neman aurena Gonin Gora, tun da safe nake wanke mota kamar ita za a aura. Tsohuwa ce tukuf, ta sha hannu kafin ta zo nawa, amma a idona babu irinta a duk Sabon Tasha. Kawuna, wanda zai yi magana a madadin mahaifina, ya sha babbar riga ya hakimce a gaba. Ni kuwa baki ya ƙi rufuwa, har masu Keke Napep nake ɗaga wa hannu.

Ba mu yi nisa ba ta mutu a tsakiyar titi. Na murɗa makulli na kasa kunne, ban ji ɗan ƙugin da famfon mai yake yi daga baya ba. Na san ciwonta. Na leƙa ƙarƙashin sitiyari na zaro fis ɗin wutar famfon, ga shi ya ƙone. Ba ni da sabo, sai na cire na hon na sa a gurbinsa, ta tashi. Sauran hanyar Kawu ne hon ɗinmu, ya fito da kai ta taga yana ihu, "A ba mu hanya, ango ne!" Na yi dariya har da hawaye.

A falon gidan su budurwata dariyar ta ƙare. Mahaifinta tsohon ma'aikacin masaƙa ne, dattijon coci, ba ya son wargi. Ya saurari Kawu, sannan ya sa aka kira ta. Ta shigo ta durƙusa, kai a ƙasa.

"Kin san yaron nan?"

"Ina dai ganinsa a ƙungiyar mawaƙan coci, Baba."

Wai tana dai ganina! Na san haka ake yi, yarinya ba ta nuna zumuɗi gaban iyaye, amma tawa ta zuba kunyar ta yi yawa, Baba kuma ya ɗauki maganar yadda ta zo.

"To, kun ji," in ji shi. "Gani kawai take yi. Su san juna tukuna, in shekara ta zagayo sai mu zauna."

Shekara! Ko ruwan da aka kawo na kasa sha.

Duk gidan suka rako mu bakin ƙofa. Na murɗa makulli, shiru. Fis lafiya lau, wannan karon famfon ne da kansa ya ƙame. In ya yi haka sai an daki gindin tanki daidai lokacin da ake murɗa makulli, shi ya sa nake ajiye guntuwar taɓarya a but. Kawu ya naɗe hannun riga ya sunkuya yana ta jibgar bututun hayaƙi maimakon tanki. Ina ciki ina zufa, surukai na kallo.

Sai na ji muryarta. "Kawu, ba nan ba ne."

Ta gyara ɗaurin zani, ta karɓi taɓaryar, ta durƙusa bayan tayar hagu ba tare da ta tambayi kowa ba.

"Murɗa!"

Na murɗa, ta sauke duka ɗaya, mota ta ɗauka.

"Kar ka ɗaga ƙafa daga totur, ka san halinta," ta ƙara, tana kakkaɓe gwiwa. Sai a lokacin ta tuna inda take.

Mahaifiyarta ta rufe baki da gyale. Baba ya dubi taɓaryar, ya dubi 'yarsa, ya daɗe yana dubanta.

"A ƙungiyar mawaƙan ake koyar da wannan?"

Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har yana dafa bango. Da ya samu numfashi ya juya wajen Kawu.

"Ku zo da kayanku Asabar mai zuwa, kafin ta buɗe gareji a gidana."

Murna ta ɗauke mini hankali. Na kashe motar, na fito da gudu na zube gabansa ina godiya. A bayana na ji ta ja ɗan tsaki ta sake ɗaukar taɓaryar.