Man Zaitun na Maigidana

Shekarar da kamfaninsu ya tura maigidana aiki Jodan, na sa rai zai dawo mini da turare. Sai ya dawo Riyad da hotunan duwatsu. Wai an kai su wani kango a bayan gari, gidan gona ne tun zamanin mulkin Rumawa. Ko kayan aikina na asibiti ban cire ba ya zaunar da ni yana nunawa: nan rumbu, nan turken dabbobi, nan rijiya, wannan ƙaton dutsen kuma jaki ke jan sa ana niƙa zaitun.

"Kin ga mutane masu tsari? Abin da suka noma shi suke ci."

Na ce, "Baban yara, ai gidanku na ƙauye ka kwatanta. Zaitun ne kawai babu."

Ya ce ban fahimci tarihi ba.

Ranar Asabar ya je kasuwar Dira ya sayo turmi, ya biya ya samo ɗanyen zaitun rabin buhu, ya haye rufin gidan da muke haya a unguwar Gubaira. Mutumin da ko albasa bai taɓa yanka mini ba ya tattare jallabiya ya kama daka. Zaitun na tsalle yana bin sa. Maƙwabcinmu ɗan Yaman ya hawo yana tambaya ko gini ake rushewa, ya gani, ya ce "Masha Allah", ya sauka da sauri.

Da gumi ya jiƙa shi sai ya ce, "Su fa Rumawa bayi suke sawa." Ya kalle ni. Na ce masa kaza nake soyawa.

Ya zuba dakan a rigar matashina, ya ɗora tukunyar gas a kai. Baƙin ruwa ya tsatso, man da ya taso bai cika ƙaramin kofin gahawa ba. Ya dangwala da burodi ya kai baki. Idonsa ya kawo ruwa, ya yi tari.

"Haka na asali yake," in ji shi.

Na ɗanɗana don kada ya ji kunya. Ɗacin har kunnena.

Tafin hannunsa duk ya yi bororo. Na zaunar da shi na shafa masa sauran man, ya kalli hannun, sannan ya ce bayin nan masu daka sun sha wuya, kuma babu wanda ya nuna masa ɗakin bayin a kangon.

Washegari ya tafi ofis a unguwar Ulaya da bandeji hannu biyu. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce aikin gona ne.