Kifin Baba Dennis

Har gobe ban manta ranar da aka kira ni ofis a kan kifi ba, kifin da ko romonsa ban ɗanɗana ba. An ce na kai tsoho bakin ruwa cikin iska, wai ban san haɗari ba. Ni da aka haifa a Yawuri, ubana masunci, kakana masunci, ni za a koya wa ruwa.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, mu masu kula da tsofaffi ne a gidajensu. Kamfani ke tura mu. Sama da mu akwai kodineta mai raba aiki, sama da shi manaja. Kowane tsoho da tsarinsa: lokacin wanka, lokacin magani, abin da zai ci. Ni sai da na haura arba'in na shiga ajin yamma a unguwar Peckham na koyi karatu, shi ya sa in ina karanta tsari ba na tsallake layi ko ɗaya. Tsarin Baba Dennis ya ce duk Alhamis a fita da shi shan iska. Bai ce wace iri ba.

Baba Dennis Bature ne, a Abbey Wood yake, shi kaɗai. Shanyewar ɓarin jiki ta kashe masa hannun hagu, ta zaunar da shi a keken guragu. Ba ya magana sai ‘to’ da ‘a'a’. Na sha tura shi wurin shaƙatawa, ya kalli tattabaru, tattabaru su kalle shi, mu dawo.

Wata Alhamis cikin Satumba aka tashi da iska, har tana kayar da kwandunan shara. Ina shirin ce masa yau sai gida, sai ya nuna mini bayan ƙofa, inda sandar fatsarsa take jingine.

Ya ce, "Yau kifin bass zai ci."

Na ce, "Baba, ashe da bakinka."

Tun daga gida har bakin kogin Thames bai yi shiru ba. Ya ce idan iska ta dama ruwa, ƙananan kifaye sukan ruɗe su taru a gaɓa, bass ya biyo su, kuma ruwan ya yi duhu, kifin ba ya ganin zare. Ranar da ruwa ya kwanta luf, ɓata lokaci ne. Na ce ubana ma haka yake faɗa a kan giwan ruwa. Ya tsayar da ni a wani shago ya sa na sayo tsutsa.

Na sa masa riga biyu da bargo. Na tsayar da keken bayan shingen ƙarfe, na danne birki, na tokare taya da ƙafata. Ni na jefa, shi ya riƙe. Iska ta ɗauke masa hula, ko waiwaye bai yi ba. Can sandar ta lanƙwashe. Ya riƙe da hannun dama, ni ina naɗe zare, yana yi mini tsawa kamar shi ya ɗauke ni aiki. Muka fito da kifin, fari fat yana ƙyalli. Ni har na gama yanka albasa a zuciyata.

Ya ce, "Ɗauke mu hoto, ki mayar da shi."

"In mayar da shi ina?"

"Ruwa. Bai kai girman da doka ta yarda ba."

Na ce, "Baba, Allah ya ba ka arziki, ka ce ya riƙe abinsa?"

Ya yi dariya har da tari. Na mayar da kifin, raina bai so ba.

A wurinmu, idan tsoho ya yi abin kirki, 'ya'yansa ake kai wa albishir, su ba ka goro. Saboda haka na tura wa 'yarsa Sandra hoton. Ita kuwa abin da ta gani shi ne uba ba hula, gashi a tsaye, ruwa na tumbatsa a bayansa. Kafin la'asar ta kira kamfani.

Kodinetanmu Nasiru ne, ɗan Kano, sa'an ɗana na fari. Ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, ya tambayi gida, ya tambayi gwiwata, ya daɗe yana kewaye-kewaye.

Na ce, "Ɗan nan, faɗi abin da aka aiko ka."

"Hajiya, an yi cancel ɗin fita bakin ruwa. Sai wurin shaƙatawa, shi ma in babu iska."

"Ya faɗa ruwa ne?"

"A'a, Hajiya."

"Ya yi mura?"

"A'a. Amma da ya faɗa fa?"

"Da na tsamo shi. Kun tambaye shi?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce manaja ta riga ta yanke, kuma ba mai iya janyewa sai wadda ta kawo ƙorafin. Ban ga laifin Nasiru ba. Haka aikin yake: wanda kake yi wa wanka shi ne na ƙarshe da ake tambaya, wanda ke nesa da waya a hannu shi ake ji. Sandra ma tsoro ne ya kama ta, na san wannan.

Da yamma na koma ba Baba Dennis magani na gaya masa. Ya ce, "To." Ya juya fuskarsa bango.

Washegari Juma'a, ranar hutuna. Na yi sallar asuba, na hau jirgi zuwa Tottenham, na ƙwanƙwasa ƙofar Sandra kafin ta fita aiki. Ta buɗe da kofin shayi a hannu.

Na ce, "Ubanki ya yi magana jiya, tun daga gida har ruwa. Ni na ji, ke ba ki ji ba. Alhamis ki sa riga mai kauri ki zo. In kin ga haɗari da idonki, ni da kaina zan ɓoye sandar."

Ta ce, "Ban iya kamun kifi ba."

Na ce, "Ba kifi za ki kama ba. Keke za ki riƙe."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ajiye kofin, ta ce ƙarfe nawa.