Man Shanu a Jikin Ginshiƙi

A tashar ƙarshe ta jirgin ƙasan cikin gari, can gefen Addis Ababa, Tiruye mai sayar da gahawa tana kallon wani tsoho da bai zo hawa jirgi ba. Farin mayafinsa ya koma ruwan ƙasa, dugadugansa duk faso, ga sanda a kafaɗa irin ta masu shanu. Ya tsaya gaban wani ginshiƙin siminti, ya kwance ƙunshin ganye, yana lakato man shanu yana shafa wa ginshiƙin, leɓunansa na motsi.

Tiruye ta san wannan shafar. Haka manoma ke yi wa babbar bishiyar ƙauye kafin damina. Kafin benayen nan da layin dogon, duk wurin gonaki ne. Wataƙila har da tasa.

"Baba, siminti ne fa, ba kan amarya ba!" in ji wani matashi mai gadin tashar.

"A nan bishiyar take, ɗana. Kakana ya shafa mata, ubana ya shafa."

"To ina 'ya'yanka, su hutar da kai?"

"Ɗaya ne. Gadin bene yake yi. Ya ce kunya nake ba shi."

Mai gadi ya kau da kai. Tsohon ya goge sauran man a furfurarsa, ya juya yana tafiya a hankali. Daga shi ba mai sake zuwa, Tiruye ta sani.

Wata mai shara ta taho da tsumma za ta goge ginshiƙin.

"Yarinya," in ji Tiruye, "bari tsohon ya sha kwana tukuna."