Shagon Kifin da Na Gina wa Mijina a Bakin Teku

Lokacin da abin nan ya fara ina da shekara ashirin da shida, ina zaune a Ƙanƙara tare da mahaifiyar mijina, wadda muke kira Hajiya, da 'yarmu ɗaya mai shekara biyar. Ni 'yar Faskari ce, kuma tun ina yarinya an san ni da baki. In na fara ba da labari a wajen kitso, sai mai kitson ta manta da kan da ke gabanta. Ina alfahari da wannan baiwa, ban taɓa zaton ita ce za ta kusa raba 'yata da ubanta ba.

Maigidana soja ne. Duk wanda ya san yankinmu a 'yan shekarun nan ya san ba a faɗin haka a fili, domin 'yan bindiga suna da masu kai musu rahoto a kasuwa da tasha. Bai taɓa shigowa gari da kaki ba. Da aka tura su wajen Borno, sai ya ce duk wanda ya tambaya mu ce yana kasuwanci a Legas. Iyakar abin da ya ce ke nan, sauran duk ni na ƙara.

Yarinyar ce ta fara tambayata me Babanta yake sayarwa. Na ce kifi. Ta ce a ina, na ce a wani shago a bakin teku. Daga nan bakina ya samu aikin yi. Na yi wa shagon shuɗin fenti, na sa masa benci a ƙofa, har kyanwa mai ido ɗaya na ajiye a ciki. Na ce akwai kifin da ya kai ɗan maraƙi, sai maza huɗu sun taru suke ɗaga shi. Tana dariya, ni ma ina samun sauƙin fargabar da ke cina. Hajiya, wadda mutuniyar Damari ce mai magana kai tsaye, ta kira ni ɗakinta ta ce abin da ake faɗa wa maƙwabta daban, abin da ake faɗa wa ɗiyar ciki daban. Na ce mata yarinya ce, in ta san gaskiya gobe a Islamiyya za a ji. Hajiya ta koma kan carbinta, ni kuma na ɗauka na yi nasara.

Sallah ce ta fara ɓata mini lissafi. 'Yan kasuwar garinmu da ke Kudu duk suka dawo, har maƙwabcinmu mai sayar da albasa ya iso da buhun tsaraba, 'ya'yansa suna ta tsalle a layi. 'Yata ta tsaya a ƙofar gida har la'asar, sannan ta shigo ta tambaye ni me ya hana nata Baban zuwa. A nan na faɗi maganar da har yau nake nadamarta. Na ce kasuwa ce ta yi masa kyau, ba zai iya barin shago ba. Na faɗe ta don in rufe bakinta, ita kuwa ta ajiye ta a zuciya. Sallah huɗu suka wuce a haka. A hankali ta daina tambayar kyanwa mai ido ɗaya. In ya samu ya kira waya, wanda sai a yi makonni bai samu ba, sai ta ce tana wanke allo. Mutumin da ke kwana cikin rami da bindiga yana roƙon ya ji muryar 'yarsa, ita kuma tana ganin kifi ya fi ta daraja a wajensa.

Bayan shekara biyu da wata uku Allah Ya dawo mana da shi. Ya sauka daga kan mashin da tsohuwar jallabiya, ya rame, ya yi baƙi, amma da ƙafafunsa. Hajiya ta rasa abin yi, sai shafa kansa take tana hamdala, ni kuwa na zuba gishiri sau biyu a miya. 'Yata ta zo ta durƙusa nesa da shi kamar an kawo baƙo, ta ce sannu da zuwa, ta tambaye shi ko kifin ya ƙare ne. Ya yi dariya, amma washegari na same shi zaune a zaure riƙe da takalman da ya sayo mata, ko gwadawa ba ta yi ba. Sai a ranar na ba shi labarin shagon da na gina masa. Ya ce a gaya mata gaskiya, na ce ba a garin nan ba. Hutun wata ɗaya aka ba shi kafin ya koma sabon wurin aiki, har mako biyu suka tafi yarinya ba ta yarda ta ci abinci kwano ɗaya da shi ba. Tsoro ya kama ni, kada ya sake tafiya ya bar ta da wannan zuciyar.

Shi ne ya kawo shawarar tafiya. Wani abokinsa da ke bariki a Legas ya ce zai ba mu ɗaki, shi kuma ya ce tun yana can cikin ƙishirwa ya yi wa kansa alkawarin in ya fita da rai sai ya je ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa. Hajiya ta ce ƙafarta ƙafarmu, ta ɗauko jarka biyu babu komai a ciki, wai matan unguwa sun ce ruwan teku maganin ciwon gwiwa ne. Muka bi ta Funtuwa zuwa Kaduna, muka hau doguwar mota. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, duk hanya ina shirya yadda zan ce an rushe shagon.

Ranar da muka isa bakin ruwan ba zan manta da ita ba. Tun daga nesa muka ji rugugi kamar hadari na tasowa, alhali rana tana tsaka. Hajiya ta tsaya cak, ta riƙe mayafinta ta ce, "Wanga ruwa duk na mutum ɗaya ne ko na gwamnati?" Muka tuntsire da dariya, har yarinyar. Muka sha ruwan kwakwa, muka cire takalma, rairayi yana shiga tsakanin yatsunmu. Maigidana ya naɗe wando ya nufi ruwa yana tafiyar manya. Igiyar ruwa ta farko da ta taso ta doke shi a gwiwa, sai ga sojan da ya yi shekara biyu a daji ya juyo a guje ya bar silifas ɗaya a baya. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da azahar ta yi ya koma a hankali don ya yi alwala, ya kurɓi ruwan, ya furzar da shi da sauri yana tari, yana cewa ashe gishirin da ake faɗa har ya kai haka.

Kowa yana dariya ban da 'yata. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce yaya mutumin da ya shekara biyu a nan bai san ɗanɗanon ruwan ba, kuma ina shagon. Wallahi hannuna har ya fara ɗagawa zai nuna wata rumfa da ke can gefe. Sai na haɗa ido da Hajiya. Na sauke hannun, na jawo yarinyar na zaunar da ita, na nuna mata tabon da ke ƙwaurin ubanta, wanda naɗe wandon ya bayyana. Na gaya mata komai: babu shago, babu kyanwa, Babanta soja ne, kuma ba ciniki ne ya hana shi zuwa Sallah ba, hanya ce babu, izini ma babu. Na ce ni ce na yi mata ƙarya, shi bai san da shagon ba sai da ya dawo.

Yarinyar ta fashe da kuka. Abin da ta faɗa shi ne ya karya ni. Ta ce, "Umma, ni hwa kullum in na yi salla roƙo nike Allah Ya kashe mashi kasuwa ya dawo gida. Da kin hwaɗa mani, ai da tsari na roƙa mashi." Ubanta ya ɗauke ta cak, ya ce ai addu'arta ce ta karɓu, ga shi kasuwar ta mutu har shagon ya ɓace. Tana kuka tana dariya, ta maƙale a wuyansa ta ƙi sauka.

Kwana huɗu muka yi muna komawa wurin. Ta binne ƙafafunsa a rairayi, ta riƙe hannunsa wai tana koya masa kada ya ji tsoron igiya, suka tara 'yan ƙananan kwasfar katantanwa cike da leda. Takalman da ya sayo mata sun matse ta, amma da su ta dawo Ƙanƙara. Hajiya ta cika jarkokinta, ɗaya ta fashe a mota ta jiƙa mana kaya, ko a jikinta. Da maƙwabciyarmu ta tambayi yarinyar yaya shagon Baba, sai ta ce kasuwa sai godiya, ta wuce abinta. Har muka koma bariki da zama bayan shekara guda, ko ƙawarta ta kusa ba ta ji komai daga bakinta ba. Ashe ta fi ni iya riƙe magana.

Na rubuto ne saboda na san akwai mata irina da yawa, daga Sabuwa har Faskari, da tsoro ya sa suke ɓoye aikin mazajensu. Ban ce ku yi shela ba, ku ɓoye wa wanda ya kamata a ɓoye wa. Amma yaran cikin gida suna da hankali fiye da yadda muke zato, kuma duk abin da muka faɗa musu da shi suke auna soyayyar iyayensu. In ba za ki iya faɗin komai ba, ki ce yana wuri mai wuya, yana son zuwa bai samu dama ba. Ni Allah Ya rufa mini asiri ya dawo da rai, na samu damar gyarawa. Da gawarsa aka kawo, da 'yata ta girma tana jin haushin wani mai sayar da kifi da bai taɓa wanzuwa ba.